Ƙarafa Biyu na Baffa Ilu

A wannan watan ne Baffana, Malam Ilu mai gyaran agogo na unguwar Jakara a birnin Kano, ya cika shekara bakwai a ƙasa. Na san yadda aka saba rubuta irin wannan shafi: a ce mamaci mai haƙuri ne, mai zumunci, bai taɓa saɓa wa kowa ba, a yi addu'a a tashi. Ni ba zan yi haka ba. Shi kansa da zai karanta, cewa zai yi na shara ƙarya. Baffa ba mai haƙuri ba ne, kuma ya saɓa wa mutum guda saɓawa mai muni. Mutumin yana nan da ransa a Jakara, ya tsufa, yana ɗauke da kayan da ba nasa ba, kuma ni ce na ɗora masa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, ba don in burge kowa da iya rubutu ba.

Baffa yayan mahaifina ne. Shi ya riƙe ni tun ina shekara huɗu, bayan rasuwar mahaifin nawa, shi kuma ya kai ni makarantar boko lokacin da unguwa duka ke cewa ya haukace. Da na wuce zuwa ta gaba, wadda ake kwana a can, aka ce to yanzu kam ya sayar da ni ga Nasara. Bai fasa ba. Ba wai don ya yarda da Turawa ba ne, a'a, Baffa bai yarda da kowa ba. Cewa ya yi in je in koyo lissafinsu in kawo masa ya duba ko akwai algus a ciki.

Sana'arsa ce ta mai da shi haka. Duk wanda ya kawo agogo, magana ɗaya ce a bakinsa: wallahi Malam, haka kawai ya tsaya. Baffa sai ya saka gilashinsa a ido, ya buɗe bayan agogon, ya zaro tsinken tsintsiya, ko ya nuna wa mai shi man gyaɗar da wani ya ɗura a ciki. Yana da magana guda da yake maimaitawa har yaran layinmu suka haddace: agogo ba ya tsayawa haka kawai, wani ne ya taɓa. Shekara talatin yana faɗin haka, kuma shekara talatin yana da gaskiya. Wannan ita ce matsalar.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga Kanon yau. Kowane ɗan kamasho da agogo ɗaure a tsintsiyar hannu, yana ɗaga hannun riga don a gani, ko agogon na tafiya ko ba ya tafiya. Akwatin rediyo a bango yana faɗa wa mutane ƙarfe nawa, su kuwa suna gyara agogonsu a kai ba tambaya. Na tabbata Baffa zai tsaya gaban akwatin nan ya ce, shi mai maganar wa ya gaya masa? Manyan agogunan bango masu lilo, waɗanda ya fi ƙauna, yanzu ado ne kawai a ɗakunan attajirai, rabinsu a tsaye.

Amininsa guda ne a duniya, Baba Tanko maƙeri. Tare suka yi makarantar allo, tare suka girma, kuma babu ranar da ba sa faɗa. Baffa siriri, mai tsuke baki. Baba Tanko ƙato, baƙi wuluk, dariyarsa har kasuwar Kurmi ana ji. Baffa na kiransa Ɗan Gawayi, shi kuma yana kiran Baffa Sarkin Zargi. Duk abin da ya karye a cikin agogo wanda ba a samu a kanti, Baba Tanko ke ƙera shi, ya kawo a tafin hannunsa kamar ya kamo fara. Ƙarfe ɗaya ba ya amo, in ji masu magana, kuma su biyun nan haka suke.

Ga yadda abin ya faro. Wani alhaji ya dawo da agogon bango daga tafiya, sandar lilonsa ta karye a tsakiya a hanya. Baba Tanko ya haɗa ta da ƙusa. Kwana kaɗan ƙusar ta saki, sandar ta koma gaɓa biyu kamar hannu da gwiwarsa, agogon ya rikice. Baffa ya ciro sandar, ya riƙe ta a sama ya kaɗa don ya ga inda ta saki, sai ya ga abin da bai taɓa gani ba: gaɓar ƙasa ta yi alkafura, ta dawo, ta tsaya cak kamar mai tunani, ta sake wulwulawa ta ɗaya gefen. An gyara wa alhaji agogonsa ya tafi. Baffa kuwa bai sake zama lafiya ba.

Ya sa Baba Tanko ya ƙera masa sanduna biyu na ƙarfe, shafaffu, kowace kamu guda. Ta sama aka rataye a jikin ƙusa a ginshiƙin shigifarmu, ta ƙasa aka rataye a ƙarshen ta sama. A bango, bayansu, Baffa ya zana fuskar agogo da gawayi, lamba ɗaya zuwa goma sha biyu, yadda in sandunan suna rataye shiru suna nuna lamba shida. Burinsa bai da yawa, a ganinsa. Ya san lilo mai sanda guda kamar yunwar cikinsa: faɗa masa tsawonta, ya faɗa maka sau nawa za ta je ta dawo kafin ka idar da Fatiha. To yana so ya yi wa mai sanda biyu haka. Wato ya samar da jadawali, wanda in ka ce daga lamba kaza aka sake ta, zai ce maka za ta yi alkafura kaza, ta fara ta dama ko ta hagu, sannan ta kwanta.

A lokacin ina shekara goma sha shida, na zo dogon hutu, kaina cike da rula da kamfas. Ni ce mai rubutu, shi ne mai saki. Kuma kada wani ya ce Baffa wasan yara yake yi. Ya ɗora kowace sanda a kaifin wuƙa ya nemo inda nauyinta ya rabu biyu daidai, ya yi alama da zarto, don ya gane cewa ba tsawo kaɗai ke aiki ba, har da inda nauyin ya taru. In an ɗaga sandunan kaɗan, zuwa lamba biyar ko bakwai, ya gano hali biyu gare su: ko su tafi tare a hankali kamar uwa da 'yarta, ko su saɓa da sauri kamar almakashi. Ya rubuta lokacin kowane, kuma kullum aka gwada sai ya fito daidai. Ranar da wannan ya tabbata, har tsire ya aika aka sayo.

Amma da zarar an ɗaga su sama, zuwa lamba uku ko tara, sai lissafi ya watse. Yau alkafura huɗu, an jima bakwai, gobe ko ɗaya babu. Daga wuri guda, da hannu guda. Baffa ya fara da zargin iska, muka toshe taga da tsumma, muka saki asabari, muka zauna cikin zafi kamar masu gasa kai. Bai yi ba. Ya zargi mai, ya wanke ƙusoshin da kananzir ya ɗiga man agogo. Bai yi ba. Ya zargi hannunsa, sai ya koma ɗaure sandar da zare a jikin ƙusa, ya sa garwashi ya ƙona zaren don kada yatsa ya taɓa. Ya zargi numfashina, ya ce in riƙa juya fuska. Ya zargi jakunan da ke wucewa ta bayan katanga. Shafi bayan shafi na cika, babu layi biyu da suka yi kama.

Nan ne na buɗe bakina. A makaranta an koya mana cewa in ka yi gwaji iri ɗaya sau biyu, dole amsa ta zo iri ɗaya, in ba ta zo ba to akwai hannu a ciki. Na haɗiye wannan kamar karatun sallah. Ƙaramin sani ƙuƙumi. Wata Juma'a Baba Tanko ya biyo bayan masallaci kamar yadda ya saba, ya shiga shigifa, ya shafa sandunan, ya matse ƙusar tsakiya, ya hura mata iska don ya kore ƙura, ya yi dariyarsa ya fita. Ƙafarsa ba ta gama barin soro ba na ce, "Baffa, mun zargi iska, mun zargi jaki. Wa ke taɓa ƙarfen nan ban da ni da kai? Kuma me yake tofa masa?"

Baffa ya dube ni, ya dubi sandunan. Amma na ga maganar ta shiga, kuma, Allah Ya yafe mini, daɗi na ji. Na ɗauka na yi abin kai.

Wanda bai tashi cikin birni ba zai ce wannan ai ba abin da zai raba abokai ba ne. To ku tuna wane ne maƙeri a wurinmu. Kowa ya taso yana jin cewa ƙarfe da wuta na maƙera ne, gadonsu ne, suna da abin da suke faɗa musu. Mun gan su ranar wasansu suna damƙar jan ƙarfe da hannu, suna lasa. An ce maƙeri zai iya hana wuƙa ci, ya hana tukunya tafasa in an ɓata masa. Baffa ya shafe rayuwarsa yana yi wa wannan dariya, yana ce wa Baba Tanko lissafi ya fi gado. Amma da lissafin ya ƙi, sai ya zamana zaɓi biyu ke gabansa: ko ya yarda akwai abin da ke rikicewa haka kawai ba wanda ya taɓa, ko ya yarda amininsa ya yi wa ƙarfe magana don ya kunyata shi. Na biyun ya fi masa sauƙin haɗiya. Ruwa ba ya tsami banza, ya ce.

Da ya tambaye shi a keɓe, da wataƙila ban rubuta wannan ba. Amma Baffa ba ya iya jira, halin da na gada. Bayan la'asar ne, a dakalin ƙofar gidanmu, majalisa ta cika, har da maƙera biyu 'yan gidan su Baba Tanko. Ina bayan asabari ina ji.

"Tanko, tambaya zan yi maka, don Allah ka ba ni amsa. Ka yi wa ƙarfen nan wani abu?"

Baba Tanko ya kwashe da dariya. "Yau kuma kaina aka juyo, Sarkin Zargi? Ƙarfe ai ɗan gidanmu ne. Mu muka haife shi, maganarmu yake ji. In ya ƙi jin taka, sai ka kama ni?"

"Ba wasa nake ba. E, ko a'a?"

Na leƙa, na ga Baba Tanko ya dubi 'yan'uwansa maƙera, su ma suna dubansa. Sai ya ce, "Kai da ka ce lissafi ya fi gado, kira lissafin ya tsayar maka da shi mana."

Majalisa ta fashe da dariya. Baffa ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa, ya shige gida. Washegari ya tattara duk wani zarto da awartaki na Baba Tanko da ke shagonsa ya mayar masa. Daga ranar ko sallama ba ta sake haɗa su ba. Baba Tanko ya zo sau uku, sau uku Baffa ya ce a ce ba ya nan, alhali ana jin ƙarar sandunan daga soro.

Na koma makaranta. Wata biyar bayan haka aka aiko in zo. Na tarar da Baffa ya rame kamar tsinke, ciwon ciki ya ci shi, amma har lokacin in ya sami sauƙi sai ya rarrafa shigifa ya ƙona zare ya rubuta. Kwana tara da zuwana ya cika. Kafin a yi sadakar uku, magana ta gama Jakara: maƙeri ya yi wa amininsa asiri da ƙarfe, ya fara da hankalinsa ya ƙare da cikinsa, kuma da bakinsa ya amsa a gaban mutane. Da matar Baba Tanko, Iya Mairo, wadda ta sha yi mini kitso, ta shigo gaisuwa, na juya mata ƙeya a gaban mata. Kowa ya gani. Wannan ya zama hatimi a kan maganar.

Shekara bakwai ke nan. Ba a kore shi daga unguwa ba, mu ba ma yin haka, namu ya fi wannan zafi. Mata sun daina aika wuƙa da matsefata maƙerarsa. An gaya mini a masallaci akan bar ɗan fili tsakaninsa da na kusa da shi a sahu. In an yi suna a layinsu, goronsa ne ke mantuwa. Mutumin da dariyarsa ke cika unguwa, yanzu yaran da aka haifa bayan abin ba su san yana dariya ba, sun dai san in sun hango shi su canza lungu.

Kuma zamanin ya taya mu. Yanzu da ake ta maganar zaɓe da mulkin kai, zargi ya zama abincin gari. Wane ya sa hula iri kaza, to ɗan jam'iyya kaza ne. Wane ya gaisa da wane a bakin kasuwa, to an saye shi. Maƙwabta da suka haɗa katanga tun kakanni suna rage murya in ɗayan ya wuce. Da Baffa yana nan, ina jin da ya zama sarkin wannan zamani, kowa ya zo ɗaukar karatu wurinsa. Ko kuwa da ya ga halinsa a fuskar gari duka, ya tsorata. Ban sani ba. Ba zan yi masa ƙaryar tuba ba tunda bai yi a gabana ba.

Ni ma ban tuba da wuri ba. Na gama makaranta, na fara koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, ina nan a kan bakana. Na taɓa tambayar Baturiyar da ta koyar da mu game da lilo mai sanda biyu. Ta ce littafi ƙaramin kaɗawa kawai ya yi bayani, abin da ya wuce nan ba na ajinmu ba ne. Na dube ta na ce a raina, ke ma ba ki sani ba ne, kina fakewa da littafi. Har yau ban janye wannan zaton ba.

Daminar bara ce ta tona ni. Rufin shigifa ya yi yoyo, muka fito da akwatin Baffa, na zauna ina shanya littattafansa a rana. Ina juya shafuka sai na iso inda rubutuna ya ƙare nasa ya fara, wato watanni biyar ɗin da Baba Tanko ko ƙofarmu bai taka ba. Huɗu, tara, babu, biyu, shida. Rikicin bai ragu ba, bai ƙaru ba. Na ce to, ai asiri in an yi shi ya zauna, ba sai mai shi na kusa ba. Amma abin ya tsaya mini a wuya. Sai na ce bari in yi abin da ya kamata in yi tun ina shekara sha shida, maimakon sakin baki: in cire maƙeri daga cikin maganar gaba ɗaya in gani.

Na aika wa wani kafinta a Gwammaja, wanda bai san Baffa ba, bai san Jakara ba, da awo a takarda. Na ce ya yanko mini sanduna huɗu na katakon maɗaci, tsawo ɗaya, kauri ɗaya, da 'yan turaku na katako masu santsi maimakon ƙusa. Ko ƙwayar ƙarfe ban yarda ta shiga ba. Ban gaya masa na mene ne ba. Na shafa wa turakun kakin zuma, na rataye lilo biyu a jere a tsakar ɗakina, na ɗaga su zuwa tsayi guda da rula, na ɗaure su da zare guda, na ƙona zaren.

Zuwa na fari suka tafi tare kamar tagwaye. Na biyu haka. Na uku na ga na hagu ya ɗan riga da abin da bai kai faɗin farce ba. Kafin in ƙirga goma, ɗaya na alkafura, ɗayan na lilo abinsa, kamar ba su taɓa sanin juna ba. Na zauna a ƙasa daɓas.

Kada ku ce na yarda nan take, ni 'yar gidan Baffa ce. Kafintan na fara zargi. Na musanya sandunan, na gwada su a ma'aunin mai sayar da turare, na kankare wadda ta ɗara. Na yi sau arba'in cikin kwana shida, ƙofa a kulle, ba wanda ya shiga. Katako, wanda ba maƙerin da ya taɓa hura wa iska, ya yi duk haukan da ƙarfen Baffa ya yi. Gani ya kori ji.

Ga abin da na fahimta, a iya sanina. Ba ka taɓa sakin abin nan daga wuri guda sau biyu. Kana ganin wuri guda ne, amma akwai bambancin da bai kai silin gashi ba. A lilo mai sanda guda, wannan bambanci yana nan yadda yake, ba ya girma, shi ya sa agogo ke riƙe lokaci. A mai sanda biyu kuwa, ta sama tana miƙa wa ta ƙasa ɗan bambancin nan, ta ƙasa ta ƙara masa ta mayar, ta sama ta sake ƙarawa, kamar magana a bakin mata biyu a bakin famfo. Kafin ka farga, silin gashi ya zama igiya. Ban ce babu mai ilimin da zai iya rubuta ƙa'idar tafiyarsa ba, wataƙila akwai a wata ƙasa. Amma ko ya rubuta, sai ya san mafarin ba kuskure ko na ƙwayar gero, kuma wannan ba a hannun ɗan Adam yake ba. Jadawalin da Baffa ke nema ba wanda ya sace masa shi. Babu shi ne.

Wata uku na yi ina juya yadda zan yi. Da-na-sani ƙeya ce. A ƙarshe na yafa mayafi da hantsi na tafi gidan Baba Tanko. Iya Mairo ta dube ni tun daga ƙofa har na durƙusa, sannan ta shimfiɗa mini tabarma, abin da ya fi mari zafi. Ta kira shi. Ya fito yana dafa bango, idonsa ɗaya ya yi fari. Na kwance ƙunshina, na haɗa lilon katako a jikin turken rumfarsu, na sake shi sau uku a gabansa. Sannan na faɗa masa komai, har da maganar da na yi ranar Juma'ar nan, wadda bai taɓa sanin daga bakina ta fito ba.

Ya daɗe yana kallon katakon har ya kwanta. Sannan ya ce, "Ashe ke ce, Rakiya."

Na ce, "Ni ce, Baba. Amma kai ma me ya hana ka ce a'a? Kalma guda!"

"Ke da Baffanki duk kanku ɗaya, gaggawa." Ya gyara zama. "A gaban 'yan gidanmu ya tambaye ni. Ɗan maƙera ya miƙe a bainar jama'a ya ce ƙarfe ya yi abin da ba da saninsa ba? Da wane ido zan shiga maƙera washegari? Na ce zan same shi mu biyu in gaya masa. Sau uku na zo."

Na ce zan rubuta a jarida, a karanta a kowane dakali a Jakara. Ya murza gemunsa, sai na ga gefen bakinsa ya motsa kamar dariyar da ta manta hanya.

"Rubuta," ya ce. "Ki rubuta cewa ban yi ba. Amma kada ki kuskura ki rubuta cewa ban iya ba."

To, na cika alkawari. Abin da maƙera suka iya da wanda ba su iya ba, ba a bakina za ku ji ba, tsakaninsu ne da gadonsu.

Me ya rage na Baffa Ilu? Agogunan da ya gyara suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ba mai tashinsu. Maganarsa da yara suka haddace ta zama gaskiya a kan agogo, ta zama guba a kan mutum. Abin da na ga ya rage shi ne littattafan nan. Mutum ne da yake mutuwar son lissafinsa ya fito, ba mai ganinsa, ciwo na cinsa, amma ko sau ɗaya bai gyara lamba don ta dace da burinsa ba. Huɗu ya gani, huɗu ya rubuta. Da ya yi algus ko kaɗan, da ban taɓa gane komai ba. Bakinsa ya ɗaure amininsa, hannunsa kuma, ba da saninsa ba, ya rubuta shaidar da ta kwance shi. Allah Ya sa wannan ta rinjayi waccan a mizaninsa, Ya yafe masa, Ya yafe wa wadda ta zuga shi.

Ku kuma mutanen Jakara, ga ta a fili. Baba Tanko bai yi wa Malam Ilu komai ba. Ciwon ciki ne ya kashe Baffana, zargin kuwa daga bakina ya fito, ni Rakiya, ina yarinya mai ji da karatun boko. Wanda ke shakka, lilon katakon na bar shi rataye a rumfar Baba Tanko, ya ce duk mai so ya shiga ya saki da hannunsa, sau nawa yake so. Sai dai ba a shiga gidan mutum ba sallama, kuma in kun yi, ku tsaya ku ji ya amsa. Tsohon nan ba shi da wata shekara bakwai da zai jira ku.